Saƙon Awabu Kafin Yawon Daji

Assalamu alaikum, masu bin labarina. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto cewa ni ce sakarya tun farko. Na gode, 'yar uwa. Ke kina kwance kan katifarki kina karantawa a waya, dole komai ya fito miki fili. Ni kuwa a lokacin shekarata ashirin da shida, ina Landan cikin sanyin Janairun 1994, kuma ina son mutumin. Sai ki yi min uzuri.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Hurera, 'yar Tudun Wadan Zariya. Karatun jinya ne ya kai ni Ingila, da na gama na samu aiki a wani ƙaramin asibiti a Marylebone. Ina zaune a Woolwich wajen Gwaggo Lanti, ƙanwar mahaifina, a flat ɗin council hawa na huɗu. Mutumin da nake magana kuwa Sumani ne, ɗan zangon Kumasi ta ƙasar Gana, direban minicab, wato tasi, wanda ya shafe wata bakwai yana sintiri a ƙofarmu. An riga an tsayar cewa ranar Lahadi manyansa za su zo neman aurena wajen mijin Gwaggo. Abu ɗaya ya rage, amsata. Har ranar Juma'a ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Kada ku tambaye ni laifinsa, don na nema ban samu ba. Yana salla a kan lokaci. Ba ya shan sigari. Ranar da boiler ɗinmu ya mutu, shi ya kwanta a ƙasan kicin da farar rigarsa har sai da ruwan zafi ya dawo. Hausarsa ma tas take, don ya yi shekara takwas a Fagge ta Kano kafin ya zo Ingila. Abin da ya tsaya min a rai ɗaya ne: ban taɓa ganin ransa ya ɓaci ba, ko sau ɗaya. Wani mashayi ya taɓa tofa masa yawu ta tagar mota a Old Kent Road ina zaune kusa da shi. Ya zaro hankici ya goge kumatunsa yana murmushi, ya ci gaba da labarin da yake ba ni daga daidai kalmar da ya tsaya. Gwaggo ta ce wannan shi ake kira haƙuri. Ni dai ranar ban iya cin abinci ba.

Sai kuma ɗabi'arsa ta shiga daji. Samarinmu na Landan in suna neman yarinya gidan abinci suke kai ta, ko su zagaya da ita kantunan Oxford Street. Shi kuwa yana cikin wata ƙungiya ta tsofaffin Turawa masu fita yawon ƙafa a dazuzzukan bayan gari, da jagora a gaba, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Lokacin sanyi ma ya fi so, wai daji ya fi gaskiya in ganye ya zube. Ya daɗe yana roƙona in bi shi ko sau ɗaya. Da aka sa ranar zuwan manyansa sai ya ce, "Ki zo mu je dajin Epping ranar Asabar. In kin ga inda hankalina yake kwanciya, za ki san ni." Na amsa, don ni ma sanin nasa nake nema.

Ranar Alhamis ya kawo min rigar sanyi koriya mai hula. A kafaɗar hagu ta taɓa yagewa, an ɗinke da jan zare, ɗinki mai kyau irin na hannun da ya iya. Ya ce a charity shop, kantin gwanjo, ya gan ta, ya ga kamar don ni aka yi. Ta kuwa zauna min cif.

Ranar Juma'a na dawo daga aiki wajen ƙarfe shida. Falon Gwaggo kun san shi in kun taɓa shiga gidan Bahaushiya a Landan ta wancan zamani. Kujeru cikin leda, ba a yarda a cire ba. Zannuwa a shanye kan hita. Turaren wuta yana kokawa da ƙamshin daddawa, kwanukan samira jere a kabad, waɗanda aka yi jigilarsu tun daga Zariya ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Kan ɗan teburin bakin ƙofa wayar gida take, da na'urar ɗaukar saƙo da Gwaggo ta raɗa wa suna mai gulma. Jar fitilarta na ƙiftawa. Na danna tun ban cire takalmi ba.

Saƙon farko na Tabitha ne, ƙawata 'yar Jos da muke aiki tare, wadda ta yi alkawarin raka ni dajin.

"Hurera, sorry fa, an yi min calling, gobe ina early shift. Ki gaishe min da birai." Ta yi dariya ta kashe.

Na ja tsaki. Sai na biyu ya shigo, da ƙarar motoci a bayansa.

"Salamu alekum. Hurera, ni ne Awabu, na kasuwa. Na ji gobe za ka bi Sumani daji. Dan Allah kar ka je. Bara ma ya kai wani wurin nan, lokacin sanyi haka. Shi ma ya bi shi da murna. Tun ranan ba mu kara ganin shi ba. Akwatin shi na daki na har yanzu. Ina phone box, coin na ya..."

Ɗit. Shi ke nan.

Awabu mata ce mai sayar da doya da busasshen kifi a kasuwar Woolwich, 'yar zango ɗaya da Sumani. Gaisuwa ce kawai tsakanina da ita. Ban ma san tana da lambarmu ba.

Gwaggo ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Wace ce wannan mai Hausa kamar tana tauna tsakuwa?"

"Awabu ce, Gwaggo. Mai doya."

"Sake sa min."

Na sake. Ta saurara da baki a taɓe, hannu ɗaya a ƙugu.

"To, sai me? Maza biyu sun shiga daji, ɗaya ya kama gabansa. Yau aka fara a garin nan? Mutum nawa muka sani da suka kwana a Peckham suka wayi gari a Manchester saboda matsalar takarda? Kuma ki ji da kunnenki, wai akwatinsa yana ɗakinta. Akwatin namiji! A ɗakin matar da ba ta da miji! Ita ce za ta ba ki shawara?"

"Muryarta fa, Gwaggo. Kamar a tsorace take."

"Tsoron kada ya kuɓuce mata. Na daɗe ina lura da ita, in ya je sayen doya sai ta zaɓar masa manya. Zauna nan, Hurera."

Na zauna, ledar kujera ta yi ƙara. Ta ajiye ludayin, abin da ba ta yi sai in magana ta kai magana.

"Wasiƙar Yaya, babanki, ta uku ke nan cikin wata biyu, duk tambaya ɗaya. Ba wanda zai miki dole, kin yi karatu, kina da aikinki. Amma ba zan bari dattawa su sa babbar riga su hawo hawa huɗu, lif ba ya aiki, su zo su ji wai kina tunani ba. Gobe kafin isha nake son amsa. In e ce, in jiƙa shinkafar waina. In a'a ce, in san fuskar da zan kalli mutane da ita."

"Tabitha ma ba za ta samu zuwa ba."

"Ai ba ku kaɗai ba ne. Tsofaffi ashirin, da rana tsaka. Je ki dawo."

Ku ji fa. Gwaggon da sai na kawo shaidu kafin ta bar ni in je silima. Na so in nemi Awabu, amma gidan hayar da take ba waya, kasuwa kuma ba ta buɗewa sai mun riga mun bar unguwa. Na gaya wa kaina gulma ce. Zuciyata dai ba ta karɓa ba.

Asabar da safe na yi shiga irin wadda da mahaifiyata ta gan ni sai ta yi salati. Dogon wando na ulu a ciki, siket ɗin jeans har ƙasa a kai, suwaita biyu, safa biyu. Na ɗaura ɗankwali na kawo baƙin gyale na naɗe wuya, sannan na ɗora koriyar rigar. Na sa kwalli, ban sa jan baki ba. Na kalli madubi na ga kamar buhun gero da aka ɗaure da kyau. Gwaggo ta cusa min ƙosai a leda da flask ɗin kunun gyaɗa, ta ce in ba shi ya sha da hannuna.

Sumani yana jirana a tashar Woolwich Arsenal da jakar goyo da taswira cikin leda rataye a wuya. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya daɗe a kan kafaɗata.

"Ta yi miki kyau," ya ce.

Ba ya tuƙi ranar hutunsa, don haka jirgi muka hau zuwa London Bridge, muka canza sau biyu muka kama tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mai zuwa Loughton. Sai da jirgin ya fito daga ƙarƙashin ƙasa, gidaje suka fara raguwa, sannan na samu ƙarfin hali.

"Awabu ta bar min saƙo jiya."

Yana ɓare lemo. Hannunsa ya tsaya.

"Me ta ce?"

"Wai bara ma ka je dajin nan da wani, tun ranar ba a sake ganinsa ba. Wane ne shi?"

Ya dube ni, irin kallon da mai awo yake yi wa sikeli.

"Shi?" ya ce.

"Abokin naka mana. Wanda ta ce akwatinsa yana ɗakinta."

Sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya yi murmushi ya ci gaba da ɓare lemonsa.

"Oho, Abukari. Yaron kirki ne, amma takardunsa sun ƙare. Ya tsallaka Hamburg wajen yayansa, bai yi wa kowa sallama ba. Awabu tana son ƙara wa magana gishiri." Ya miƙo min ɓarin lemon. "Sha, yana da zaƙi."

Wallahi na ji daɗi. Na ji kamar an sauke min kaya daga ka. Har na ji kunyar kaina, na ce a raina Hurera ke dai ba ki da godiya, Allah ya kawo miki mutum kina neman aibi da fitila. A cikin jirgin nan na kusa ce masa e. Abin da ya hana ni, wata tsohuwa ce da kare suka zauna a gabanmu.

A bakin dajin, wajen ajiye motoci, muka tarar da ƙungiyar. Mu goma sha tara ne. Duk furfura, sai mu biyu da wasu ma'aurata. Jagorar wata dattijuwa ce gajeriya mai suna Mrs Hollis, da riga ruwan lemo da usur rataye a wuya. Ta hau kan kututture ta karanta mana dokoki da Turanci kamar hedimasta. Tafiyar mil shida ce. Ita ce a gaba, wani dogon mutum mai suna Derek shi ne a baya, yau ne ma karonsa na farko a aikin. Ba mai wuce ta, ba mai zama bayan Derek. Duk wanda zai bar tafiya saboda wani dalili, dole ya gaya wa ɗayansu. Hazo zai sauko bayan azahar, duhu kuma ƙarfe huɗu, don haka ba wasa.

Ta ƙirga mu da yatsa. Da ta zo kan Sumani ta ɗaga masa hannu irin na sanayya. Ni hular rigar tana kaina, gyale ya rufe min rabin fuska, sai ta gyaɗa min kai ta wuce.

'Yan uwa, ban taɓa ganin daji irin wannan ba. Ni dajin da na sani yana da rai, akwai kukan tsuntsu, akwai ƙamshin ƙasa, za ka haɗu da Bafulatana da ƙwarya. Wannan kuwa shiru ne kawai. Itatuwa tsirara, baƙaƙe, an taɓa sare kawunansu tun zamanin da sai rassan suka fito a murɗe kamar yatsun mai ciwon sanyi. Ƙasa duk rubabben ganye, a ƙarƙashinsa taɓo mai kama ƙafa. Numfashinka yana fita kamar hayaƙi. Tsofaffin nan kuwa sai tafiya suke da sandunansu suna hirar tsuntsaye, ko a jikinsu.

Sumani ya canza tun da muka shiga. Ba wai ya yi wani abu ba. Tafiyarsa ce ta zama wata iri, ba ƙarar taku, ba ya kallon ƙasa amma ba ya tuntuɓe. Bai buɗe taswirar nan ko sau ɗaya ba. Yana nuna min abubuwa da murya ƙasa-ƙasa.

"Kin ga hanyar can? Ba ta cikin taswira. Tana kai wa wani kwari, ko ihu ka yi a ciki ba ya fita."

"Kai ya aka yi ka sani?"

"Na gwada," ya ce, yana dariya.

Na yi dariyar ni ma, don ban san abin da zan yi ba.

Wajen ƙarfe ɗaya muka tsaya shan shayi a bakin wani tafki da ƙanƙara ta rufe rabinsa. Kowa ya nemi kututture ya zauna. Sumani ya ce zai ɗan matsa ya yi alwala da ruwan gorarsa ya yi azahar, in ya dawo ya tsare min wuri ni ma in yi. Ya shige bayan itatuwa. Na buɗe kunun gyaɗa na zuba a murfi.

Sai ga Mrs Hollis ta zo ta zauna kusa da ni da kofinta. Da Turanci muka yi maganar, zan ba ku ita da Hausa.

"Na ji daɗi da kika dawo, 'yata. Na zaci mun kore ki gaba ɗaya."

"Yau ne zuwana na farko," na ce.

"Haba, bara fa? Kin ba ni tsoro ranar. A daidai tafkin nan na ƙirga na ga babu ku biyu. Na busa usur har maƙogwarona ya bushe. Sai da muka koma wajen motoci, duhu ya fara, sannan ya fito shi kaɗai, wandonsa duk taɓo har gwiwa. Ya ce kin ji sanyi ne ya raka ki station. Na yi masa faɗa sosai, na ce ko ba komai a gaya min."

Na janye gyalen daga fuskata don in sha kunu. Ta dube ni. Ta gyara tabarau ta sake dubana.

"Oh, I do beg your pardon. Ba ke ba ce. Waccan ta fi ki haske, tana da 'yar wushirya. Rigar ce ta ruɗe ni." Ta kai yatsa ta taɓa jan ɗinkin kafaɗata. "Ita ma na tambaye ta wannan, ta ce da hannunta ta ɗinke. Ƙanwarki ce?"

Ban san me na ce mata ba. Wani tsoho ya kira ta yana nuna mata wani abu a kan ƙanƙara, ta tashi ta tafi.

Kunun ya zube a kan siket ɗina ban ji zafinsa ba. Muryar Awabu ce ta dawo min, kalma bayan kalma, kamar na sake danna mai gulma. Ni ne Awabu. Ni ne, ba ni ce ba. Za ka bi Sumani. Kar ka je. Ni Hurera, mace, take ce wa kar ka je. Matar nan ko kanta ba ta ce wa ita. A Hausar zangonsu kowa shi ne, uwa ma shi ne, amarya ma shi ne. Na sha jin tana cewa 'yarta ya tafi makaranta, na sha yin dariya a raina. Amma da ta ce ya kai wani, sai ni da Gwaggo muka ji da kunnen Zariya, muka ga ƙato da gemu. Akwatin da Gwaggo ta yi wa fassarar banza, akwatin mace ne a ɗakin 'yar uwarta mace, ba abin kunya a ciki. Wata ce. Wata ya kawo dajin nan bara, ta biyo shi da murna, cikin rigar da ke jikina.

Abin da ya fi tsinka min zuciya shi ne jirgi. Da na ce wane ne shi, ya tsaya ya auna ni. Ya gane ban gane ba. Ni da bakina na miƙa masa namiji, shi kuwa ya karɓa ya raɗa masa suna Abukari, ya ba shi yaya a Hamburg, ya ba ni lemo.

Na ji tsoro. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Rigar ta koma min kamar an jiƙa ta, ina so in tuɓe in jefar, sanyi kuma ba zai bari ba.

Na san me za ku ce. Ki tashi ki bi matar nan ki gaya mata! Na yi tunanin haka. Amma in ce mata me? In ce wata mai doya ta bar min saƙo, kuma a harshenmu akwai wani akwai wata? Wataƙila ma da gaske yarinyar station ta tafi. Wataƙila sun ɓata ne ta bar gari, shi kuma kunya ta sa ya ɓoye min. Mace takan bar akwati. Amma mace ba ta barin rigar sanyinta a watan Janairu ta tafi station. Wannan tunanin ne ya sa na miƙe tsaye.

Kafin in taka, Mrs Hollis ta busa usur ta wuce gaba. Sumani ya fito daga bayan itatuwa yana gyara hannun riga, fuskarsa da danshin alwala.

"Ga wuri can mai kyau, ba taɓo. Zo ki yi sallarki."

"Ina fashin salla," na ce. Ƙarya ce, Allah ya yafe min. Ban taɓa yi wa namiji irin wannan maganar ba a rayuwata, amma ita ce ta zo bakina.

Ya dube ni. Ya dubi kunun da ya zube. Ya dubi bayan Mrs Hollis da ke nisa.

"Kun yi hira da jagora, na gani."

"Tsuntsaye take nuna min."

"Madalla," ya ce.

Na ƙudura a raina ba zan bar tsakiyar mutane ba har mu fita. Na kutsa tsakanin wasu tsofaffi mata biyu ina yi musu murmushin dole. Daga nan zan matsa gaba a hankali har in kamo Mrs Hollis, in riƙe hannunta ko da za ta ce na haukace. In mun fita titi, bas zan hau ni kaɗai. Gwaggo kuwa sai ta ajiye shinkafarta, ba waina.

Hazon da aka faɗa ya sauko. Ba a hankali ya zo ba, kafin mu yi tafiyar minti goma rigar ruwan lemon nan ta gaba ta ɓace, sai usur kawai muke bi. Hanya ta matse ta gangara, aka koma tafiya ɗaya bayan ɗaya. Sumani yana bayana. Ba na jin takunsa, numfashinsa kawai nake ji.

A ƙasan gangaren akwai wani wuri mai laka. Tsofaffin suka bi gefe da sandunansu. Ni da sauri nake, na taka tsakiya. Ƙafata ta dama ta nutse har idon sawu, na fizga da ƙarfi, sai ƙafar ta fito da safa kawai. Takalmin aro ne, ya yi min yawa, ya zauna a cikin lakar.

"Tsaya, kada ki taka," Sumani ya ce. "Riƙe itacen nan."

Na riƙe, ina tsaye da ƙafa ɗaya. Ya durƙusa ya sa hannu ya zaro takalmin, ya fara goge shi da ganye a nutse, kamar muna da yini guda. Mutane suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya, kowa da ɗan murmushinsa na tausayi. Na ƙirga su. Biyar, huɗu, uku.

"Ba ni haka nan, zan sa."

"Akwai laka a ciki. Za ki yi mura."

Na ƙarshe ya wuce. Sai Derek, dogon nan na baya, ya tsaya daga sama yana jiranmu. Na buɗe baki zan kira shi, Sumani ya riga ni. Ya miƙe ya hau wajensa da takalmina a hannu, ya dafa kafaɗarsa, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Na ga Derek ya dubi agogo, ya gyaɗa kai. Ya ɗago min hannu.

"Get yourself warm, love!" ya ce, wai in je in ji ɗumi.

"Wait!" na ce. Muryar da ta fito ko ni da ƙyar na ji ta. Na saki itacen na taka lakar da safa, sanyi ya soke ni har ƙwaƙwalwa, ƙafar ta sake nutsewa. Kafin in zaro ta hazo ya shanye Derek. Usur ya yi ƙara sau ɗaya, can nesa, ta wajen da ban zata ba.

Sumani ya gangaro a hankali. Ya tsaya gabana, tsakanina da hanya. Murmushin nan yana fuskarsa, irin na ranar da aka tofa masa yawu. Takalmin yana hannunsa, bai miƙo ba.

"Me ka ce masa?"

"Na ce kin ji sanyi, zan raka ki station." Ya juya takalmin ya zubar da sauran lakar. "Yanzu ba mai jiranmu, ba mai ƙirga mu. Gwaggo ta ce min yau za ki ba da amsa, Hurera. Na fi so in ji ta a nan."